Ƙashin Dinozor a Zauren Kaka

Ina da shekara tara, ina aji na biyu a lakkol ɗin 'yan mata na Damagaram, wato makarantar boko, aka rataya mini allo a wuya aka zaga da ni aji-aji. An rubuta a kansa da Faransanci cewa ni maƙaryaciya ce. Shekarar ƙuri'ar nan ce ta "wi" ko "non", lokacin manya suna ta gardamar ko Nasara zai tafi ko zai zauna. Na manta da yawancin abin da aka yi mini a ƙuruciya, wasu kuma ina tuna su in yi dariya. Wannan kam har yau in na tuna sai na ji wuyana ya yi zafi.

Gidanmu a Zango yake, gidan fatake ne tun kaka da kakanni. Kakana, mahaifin babana, madugu ne a zamaninsa. Ya sha kai ayari Agadas da Bilma, ya dawo da gishiri da dabino. Lokacin da na yi wayo manyan motoci sun riga sun ci kasuwar raƙumi, shi kuma gwiwa ta hana shi tafiya, sai zaman zaure. Babana yawancin shekara yana Dogo wajen awon gyaɗa, don haka Kaka da Inna su ne suka raine ni. Da mai unguwa ya zo neman yaran da za a sa lakkol, sai aka tura yayyena maza biyu Hamdara wajen dangi, aka ce ba su nan, aka miƙa ni. Kaka ya ce mace ko ta koyi yaren Nasara ba za a kai ta soja ba.

Ƙyauren zauren Kaka ya karkace, in ba a tokare shi ba sai ya rufe kansa. Abin da ake tokare shi da shi wani dutse ne da girmansa ya kai babban akushi, baƙi-baƙi da ratsin ja. Gefensa biyu a shafe suke kamar gindin turmi, samansa da wasu ƙahonni gutsurarru, a tsakiya kuma akwai rami wanda hannuna ke shigewa har wuyan hannu. Duk wanda ya taɓa gwaguyar wuyan rago zai gane siffar, sai dai wannan mace babba ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai. Mu yaran gidan a kansa muke zama in muna jiran Kaka ya rage mana fura.

Labarinsa kowa a unguwa ya sani, don Kaka ba ya gajiya da ba da shi. Wata shekara suna dawowa daga Bilma iska ta ɓatar da su gabas da Agadas, suka yi kwanaki ba su san inda suke ba. Sai suka faɗa wani fili inda ƙasusuwa ke kwance a yashi, jere-jere, kamar ayarin da aka durƙusar bai sake tashi ba. Ya ce ya bi ƙashin bayan ɗaya da taki, ya yi taki ashirin bai kai wutsiya ba. Buzun da ke yi musu jagora ya ƙi yarda a yada zango a wurin. Kafin su wuce, Kaka ya sauke kantun gishiri guda daga raƙuminsa ya yar, ya ɗora gaɓa ɗaya ta ƙashin a madadinsa. Abokan tafiyarsa suka ce rana ta taɓa masa kai. Shi dai cewa yake yi dabbobin kafin ruwan ɗufana ne, kuma da bai ɗauko shaida ba, ba wanda zai yarda da shi a Damagaram.

A lakkol mutum biyu ne ke da iko da mu. Akwai Madam, Banasariya matar wani ma'aikacin bariki, ita ce shugaba. Akwai kuma malamar ajinmu, wadda muke kira Metires. Ita 'yar Birni ce, nan cikin gari aka haife ta, Inna ma ta san uwarta. Amma da zarar ta shigo ƙofar lakkol sai ta yi kamar ba ta taɓa jin Hausa ba. Wadda duk ta yi Hausa a aji ana rataya mata sambol, wani guntun katako mai igiya, kuma wadda ya wuni a wuyanta ita ke shan bulala kafin a tashi.

Littafin cikin wani akwati ya zo, tare da tsofaffin littattafan da yaran Faransa suka gama da su aka aiko mana sadaka. Na ƙananan yara ne, babba, mai kaurin bango, rubutu kaɗan hoto da yawa. Ana kulle shi a armuwar, wato ma'ajiyar katako da ke biro, ofishin Madam, kuma ran Asabar kaɗai yake fitowa. Kafin a buɗe shi sai mun jeru mun miƙa hannuwa Metires ta duba tafi da farce. A garin da ruwa sai an saya wajen 'yan ga-ruwa, Inna takan ware mini rabin ƙwarya ran Asabar musamman don wannan dubawar. Bayan an gama duba mu kuma ba a ba mu mu taɓa. Madam ce ke riƙe shi a tsaye, tana juya shafi da kanta, mu muna zaune a ƙasa muna miƙa wuya. Alhali a bangon akwai tabon wani abu mai danƙo da ɗan Nasaran da ya mallake shi ya zubar, a ciki kuma ya zana wa ɗaya daga cikin dabbobin gashin baki da jan kireyon. Shi ya ci abinci a kansa ya yi masa zane, mu da muka wanke hannu an ce za mu ɓata shi.

Duk da haka ina son littafin nan, ba zan ɓoye ba. Sunan dabbobin dinozor. Akwai mai dogon wuya da ke cin ganye daga ƙololuwar itace, akwai mai wasu faya-fayai jere a gadon baya, akwai mai ƙaho uku. Wanda ya fi ba mu dariya shi ne mai tsayuwa da ƙafa biyu, ga baki cike da haƙora, ga hannuwa 'yan mitsi-mitsi kamar an ciro na jariri an liƙa wa raƙumi. Mukan fito muna kwaikwayon tafiyarsa har gida. Madam shafi biyu ko uku take nuna mana kowace Asabar, don haka sai da muka yi fiye da wata kafin mu kai ƙarshe.

A shafin ƙarshe ba dabba mai nama aka zana ba. Ƙasusuwa ne aka harhaɗa aka tsayar cikin wani babban ɗaki, ga wani Nasara da malfa tsaye a gindinsu bai kai gwiwa ba. A kusurwar shafin an zana gaɓa ɗaya ta ƙashin baya ita kaɗai, da girma. Ga gefe biyu shafaffu, ga ƙahonni, ga ramin tsakiya. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, kuma da Hausa maganar ta fito.

"Wallahi akwai wannan a zauren Kakana. Da shi muke tokare ƙofa."

Metires ta fara rataya mini sambol tukuna, sannan ta fassara wa Madam abin da na ce, tana murmushi. Madam ta ce in maimaita da Faransanci. Na tattaro 'yan kalmomin da na sani, kaka da gida da ƙashi da babba, na jera mata. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi bayani a hankali, kamar mai magana da kurma. Ta ce waɗannan dabbobi sun mutu tun kafin a yi mutum, kuma manyan masana ne ke haƙo ƙasusuwansu a ƙasashe masu nisa. A nan ƙasar, in ji ta, ƙashin jaki da na raƙumi ake samu. Ta ce ba laifi ba ne yarinya ta so a kula da ita, amma in ce na yi ƙarya a wuce wurin.

Na ce ban yi ƙarya ba. Ta sake tambaya, na sake faɗa. A na uku fuskarta ta yi ja. Ita ce ta ba da umarni, amma Metires ce ta ɗauki alli ta rubuta kalmar a allo, ita ce ta ɗaura igiyar, ita ce kuma ta riƙe ni a kafaɗa ta shiga da ni kowane aji. A kowane aji sai ta sa 'yan mata su karanta kalmar da ƙarfi baki ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Metires ta san zaurenmu. Tana yarinya ta sha rako uwarta gidanmu sayen gishiri, ta tsallake dutsen nan da ƙafarta. Ko da ba ta san mene ne ba, ta san akwai shi. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa, ba ta faɗa ba.

Da na koma gida Inna ta ga idona ta tambaye ni, na gaya mata. Ta shafa mini man shanu a sawun bulalar sambol, ta ce in yi shiru kada Kaka ya ji, don rigima da mutanen bariki ba ta taɓa yi wa talaka kyau ba. Amma 'yan matan unguwa sun riga ni isowa, kuma tun daga bakin titi suke rera kalmar. Kaka ya aika aka kira ni zaure. Ya saba tsokanata, yana kirana amaryarsa mai yaren tsuntsaye. Ran nan bai yi wasa ba. Ya sa na ba shi labarin tun daga farko, ya tambaye ni ma'anar kalmar da aka rubuta, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon dutsen.

"Ba ke suka ce wa maƙaryaciya ba," ya ce. "Ke abin da kika ji a bakina kika faɗa. Shekara arba'in ana ba ni amanar dukiya in kai ta inda ba shaida sai Allah, ba wanda ya taɓa ce mini haka."

Ran Litinin da hantsi ya sa babbar rigarsa ta saƙi da rawani, wadda ba ya sawa sai Juma'a. Aka aro jakin maƙwabci, aka sa dutsen a mangala gefe ɗaya, aka cika ɗaya gefen da yashi don ya daidaita. Inna ta bi mu har ƙofa tana roƙonsa ya bari Baba ya dawo daga Dogo, bai ko juyo ba. Daga Zango zuwa lakkol ba wata tafiya ba ce, amma da gwiwarsa sai da muka tsaya hutawa sau uku. Masu shaguna suna tambayarsa ina zuwa da dutsen ƙofa, yana ce musu zai kai shi karatu.

Gardin da ke tsaron ƙofa ya hana shi shiga, ya ce Madam tana aiki. Ni aka kora ni aji, shi aka bar shi a waje. Ta taga ina hango shi tsaye a rana riƙe da igiyar jaki, ba wanda ya ba shi ko tabarma. Sai da aka fito hutun tsakar safiya Madam ta leƙo baranda ta ga tsoho da jaki, ta tambayi abin da yake sayarwa. Aka kira Metires ta yi tafinta, ni ma aka kira ni. Gardi da Kaka suka sauke dutsen a kan dakalin baranda.

Na zuba wa fuskar Madam ido, don wannan lokacin nake jira tun ran Asabar. Ta zagaya shi, ta durƙusa, ta sa yatsa cikin ramin. Ta shiga biro da sauri ta fito da littafin, ta buɗe shafin ƙarshe ta ajiye kusa da shi. Ta kalli wannan ta kalli wancan. Ta gane, na ga ta gane. Na tsaya ina jira ta juyo wajena. Ba ta juyo ba. Sai ta shiga jero wa Metires tambayoyi: a ina ya samo, yaushe, akwai wasu? Daga nan ta ce akwai wani masanin duwatsu da ya sauka a bariki, tana so a bar mata ƙashin kwana uku ta nuna masa.

Kaka ya ce ya yarda, aro ne na kwana uku. Amma da sharaɗi: a zaga da jikarsa duk ajin da aka zaga da ita, a gaya wa yara gaskiya ta faɗa. Metires ta juya ta ce wa Madam tsohon ya yarda, kuma ya gode da karramawa. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Faransancina bai kai in yi gardama ba, amma ya kai in san ta haɗiye rabin maganar. Na buɗe baki, ta zare mini ido, ta taɓa wuyanta wajen da ake rataya sambol. Na yi shiru. A hanyar gida ma ban gaya wa Kaka ba, don na ga yana tafe yana jin daɗi, yana cewa ai matar tana da hankali. Wannan shirun nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Kwana uku suka wuce, ba a zaga da ni ko'ina ba. Da aka kwana biyar sai ga wata ƙaramar mota a ƙofar gidanmu, da wani Nasara mai gemu da tafintansa. Kaka ya shimfiɗa masa buzunsa na salla, ya sa aka kawo fura. Mutumin ya zauna har azahar yana tambaya yana rubutawa a kaye, wato littafin rubutu: kwana nawa daga Agadas, wace rijiya ce ta ƙarshe, wane dutse ake bari a hannun dama, yashin wurin wane launi ne. Kaka ya ba shi duka, har da zane a ƙasa da yatsa. Ina laɓe a bayan ƙyaure ina saurare. Baƙon ya tambayi sunan kowace rijiya ya sa aka maimaita masa, amma har ya tashi bai tambayi sunan mai gidan ba. Da zai tafi ya sa aka ɗauko kan sukari guda da ƙunshin shayi daga mota. Kaka ya karɓa a matsayin kyautar baƙo. Ya tambayi ƙashinsa, tafinta ya ce ana kan dubawa.

Bayan mako biyu Kaka ya sake sa rigar Juma'a muka tafi lakkol. Wannan karon Madam ba ta fito ba, Metires ta aiko. Ta tsaya a baranda, ta yi magana da Hausa a karon farko da na taɓa ji a harabar nan, ƙasa-ƙasa. Ta ce ƙashin ya riga ya tafi a akwati, za a kai shi Faransa inda masu ilimi za su amfana da shi, ba a bar shi ana tokare ƙofa ba. Ta ce kuma ai an biya shi.

"Da me aka biya ni, 'yar nan?" Kaka ya tambaye ta.

"Baba, ai an kai maka sukari da shayi."

Ya aike ni gida da gudu in ɗauko su. Sukarin yana nan cikin shuɗiyar takardarsa, ko ɓantara ba a yi ba. Ya karɓa ya ajiye a kan dakalin, daidai inda aka sauke dutsen, ya ce ta gaya wa uwar ɗakinta shi aro ya bayar, kuma bai taɓa sayar da abu bai sani ba. Metires ta ce ba za ta iya faɗa wa Madam haka ba. Ya ce ya lura akwai abubuwa da yawa da ba ta iya faɗa. Ashe ya gane tun ranar farko, daga gajartar fassarar. Sukarin ya kwana biyu a baranda, daga baya na gan shi a ɗakin gardi.

Kaka ya je wajen mai unguwa, mai unguwa ya ce lokacin bai dace ba, gari na cikin rigimar ƙuri'a. Da Baba ya dawo daga Dogo ya ce a bar maganar, don takardar izinin awonsa a hannun mutanen bariki take. Inna ta samo wani guntun turmi aka riƙa tokare ƙyauren da shi. A lakkol kuwa sunan ya bi ni. In na ce na ga wance a kasuwa, sai wata ta ce ko dinozor na gani. Da littafin ya sake fitowa ran Asabar, na sunkuyar da kai na ƙi kallo. Metires ta lura ta kama haɓata ta ɗaga, na rufe ido. Na sha bulala a kan wannan har sau uku, sannan suka gaji suka ƙyale ni.

Shekara biyu bayan haka aka sami mulkin kai. Mijin Madam na cikin waɗanda aka mayar gida. Ranar da take kwashe kayan biro ta aika aka kira ni. Na shiga, na ɗauka yau za ta ce gaskiya na faɗa. Ta ciro littafin daga armuwar ta miƙo mini, ta ce ta tuna ina son dabbobin nan, in riƙe shi kyauta. Ta shafa kaina. Ba ta ambaci ƙashi ba, ba ta ambaci allo ba. A ganinta ta yi alheri, har idonta ya kawo ruwa. Na so in ajiye mata shi a kan tebur kamar yadda Kaka ya ajiye sukari. Amma hannuna ya riga ya taɓa bangon, karon farko cikin shekara biyu, kuma na kasa saki. Har "mersi" na ce mata. Na fito ina jin haushin kaina fiye da nata.

Na ɓoye shi kwana biyu a ƙarƙashin tabarmar Inna kafin in kai wa Kaka, ina tsoron ya ce in mayar. Bai ce ba. Ya sa na zauna kusa da shi, ya riƙa juya shafi da kansa yana kai ido kusa. Ya yi dariya da ya ga mai ƙananan hannuwa. Ya tambaye ni ko wanda ya yi zanen ya taɓa ganinsu da rai, na ce a'a, daga ƙashi aka ƙiyasta. Ya ce to su da suka sa wa abin da ba su gani ba nama da fata har da launi, su ne masana, shi da ya taka wurin da ƙafarsa shi ne maƙaryaci. A shafin ƙarshe ya sa na karanta masa sunayen ƙasashen da aka ce ana samunsu. Ba tamu a ciki. Ya ce in ɗauko kireyon. Ya yi mini shifta, na rubuta da Hausa a gefen shafin: sunansa da na mahaifinsa, da rijiyoyin, da kwanakin tafiya, da takin da ya ƙirga. Bai kai damina biyu bayan nan ba ya rasu. Ƙannena da 'ya'yan maƙwabta su suka cinye littafin da hannu. Nakan karanta musu da Hausa a tsakar gida, kowa ya taɓa yadda yake so, har bangon ya rabu da cikin.

Metires ce ta gaji kujerar Madam. A makon farko na same ta a biro na roƙe ta, tunda yanzu ita ce babba, ta gaya wa 'yan lakkol abin da ya faru. Ta ce abin da ya wuce ya wuce, yanzu ƙasa sabuwa ce, in mai da hankali ga jarrabawa. Sambol kuwa bai bi Madam Faransa ba. Yana nan a wuyan yara har na gama lakkol ɗin.

Na yi aure, na haihu, ni ma na zama malama. Wata rana muka ji a rediyo cewa masana daga Faransa sun gano wata makabartar dinozor a hamadar ƙasarmu. Ban san ko mai gemun nan yana cikinsu ba, ban kuma san ko filin Kaka ne ba, ba zan ɗora wa kowa abin da ban tabbatar ba. Ba da daɗewa ba muka haɗu da Metires a wani gidan suna a Birni, ta manyanta, mata sun kewaye ta ana girmama ta. Hira ta kai kan labarin rediyo. Sai na ji tana cewa ai ita ta daɗe da sanin wannan, don a lakkol ɗinta aka fara kawo irin ƙashin, wani tsoho ya zo da shi a kan jaki bai ma san abin da yake ɗauke da shi ba, ita ce ta gane ta nuna wa Nasara. Mata suna ta jinjina mata. Ina zaune bayanta da goyo, ba ta gan ni ba.

Na ce, "Metires, tsohon kakana ne, kuma ya san abin da ya ɗauko. Ke ce kika rubuta allon da aka rataya mini, ke ce kuma kika haɗiye maganarsa a gaban Madam."

Ta juyo ta dube ni, ta ce ba ta tuna ba, yara da yawa sun bi ta hannunta. Na ce ni na tuna. Uwar mai jegon ta ja ni waje tana cewa ban kyauta ba, a gidan mutane, ga babbar mace. Kafin la'asar magana ta kai kunnen Inna, ta ce lallai gobe in je in ba da haƙuri, don ko ba komai matar ta koya mini karatu. Na je, saboda Inna. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi lafiyarta da ta iyalinta, na ajiye mata goro. Ta zauna tana jiran sauran maganar. Na ce mata sai an jima, na ɗauki takalmina.